Ƙafafu Biyar a Kantar Baba Mai Awo

Litinin, huɗu da rabi na yamma

Malamar adabi ta ce wanda baki yake yi wa nauyi a aji ya riƙa yi wa takarda magana. Ga kowa ta faɗa, amma ni ta kalla. To, ga takarda.

Zan rubuta abin sau ɗaya, ba zan sake ba. Ƙafata ta hagu, daga ƙasan gwiwa, ta roba ce. A gida Baƙuwa muke ce mata. A makaranta babu wanda ya sani sai shugaba da malamar wasanni. Siket ɗina har idon sawu yake, ina sa safa, 'yan ajinmu sun ɗauka ciwon ƙugu ne yake sa ni ɗingishi. Ban taɓa ce musu haka ne ba. Ban kuma ce ba haka ba ne.

Yau na biya Cibiya, inda ake yi mana ƙafafu kyauta, don Baba Mai Awo ya duba ni. Shi ya yi mini duk waɗanda na taɓa sawa tun ina shekara biyar. Ya tsayar da ni, ya ɗora tafukansa a ƙuguna, ya leƙa ta saman tabarau.

"'Yar nan, wa ya ba ki izinin girma ba ki sanar da ni ba?"

Na ce ya yi haƙuri. Ya yi dariya, ya tura ƙananan katakai ƙarƙashin Baƙuwa har na daidaita. Yatsa biyu ta gaza. Kofin da dungun yake shiga ma ya matse. Da safa uku nake sawa a ciki, yanzu ɗaya ma da ƙyar.

Na jira ya ce in zo awo ranar kaza, kamar kullum. Sai ya shiga goge tabarau.

Hajiya Darakta ce ta faɗa mini a ofis. Mutanen nesa da suke aiko wa Cibiya kuɗi shekara goma sha ɗaya sun rubuto sun daina. Ba ta faɗi dalili ba, ni ma ban tambaya ba. Kayan aiki sun ƙare, mai gida kuma ya ce ƙarshen watan gobe a ba shi mukullinsa ko a ba shi haya.

Na ce, "To ni fa, Hajiya?"

Ta gyara takardun da suke a gyare.

Laraba, biyar na yamma

Na faɗa wa Umma tana kan keken ɗinki. Ba ta tsayar da keken ba sai da ta kai ƙarshen layi. Ta ce, "Kada ki faɗa wa Abbanki tukuna."

Ko ba ta ce ba, ta ina zan fara? Abba bai taɓa taka Cibiya ba. Kullum da yamma idan na zauna a tabarma zan cire Baƙuwa, sai ya tuna bai duba ƙofar waje ba. Shekara goma yana duba ƙofar nan. Babu ƙofar da aka kula da ita a unguwarmu kamarta.

Ba mugu ba ne. Shi yake wanke mini takalmin makaranta ranar Lahadi, na dama da na hagu, idan Umma ta cire ta ajiye masa a bakin famfo. Da ƙafa yake zuwa shagon da yake sayar da kayan gyaran mota, tafiyar kusan awa ɗaya. Lasisinsa na tuƙin mota yana cikin durowa ƙarƙashin takardun asibiti. Lasisin ya daɗe da mutuwa.

Asabar, sha biyu na rana

An yi taro a Cibiya. An jera kujeru a ɗakin koyon tafiya, tsakanin ƙarafan da muke dafawa. Mu kusan talatin, wasu da sanduna, wasu da yara.

Hajiya ta kawo wata mata da take yi wa shaguna talla a shafukan waya, ta ce kyauta za ta taimaka mana. Tana da wayoyi biyu da wata fitila mai zobe. Kafin a tashi yara sun sa mata Anti Kyamara.

Ta iya magana. Ta ce zamanin rubuta wa manya doguwar wasiƙa a jira wata shida ya wuce. Ta ce yanzu mai taimako yana kwance a ɗakinsa da waya a hannu, yatsansa yana gudu, kuma daƙiƙa uku kawai muke da ita mu tsayar da yatsan nan.

Baba ya ce, "Daƙiƙa uku? Ni kwana tara nake yi a kan ƙafa ɗaya."

Ta ce, "Baba, kwana taranka ba ya tsayar da yatsa. Hawaye ne yake tsayarwa."

Aka yi dariya, amma ba kowa ba.

Ta ce tana son mutum biyu ko uku su ba da labarin yadda abin ya same su, su cire ƙafar a gaban waya, su mayar. Iya Mai Tumatir, wadda ciwon suga ya ci wa ƙafa, ta ɗaga hannu. Ta ce ita ta tsufa da jin kunya, in dai za a bar wa jikokin mutane wurin nan a buɗe.

Ni na zauna a baya ina ƙirga ƙusoshin kujerar gabana. Da za a fita na ji Anti Kyamara tana tambayar Hajiya, "Waccan mai kayan makarantar fa?"

Lahadi, da safe

Ba zan yi kuka a gaban waya ba.

Talata, uku da rabi

Bidiyon Iya ya fito. A aji na gan shi, ba ma a gida ba.

Rediyo ce ta kawo. Ita ce abokiyar zamana a benci, kuma sunan ya bi ta, ba a kashe ta sai dai a rage murya. Ta shigo da wayar yayarta a ɓoye cikin littafin lissafi. Lokacin hutu 'yan mata suka taru a kanmu.

An sa wani kiɗa mai sanyi. An kawo fuskar Iya kusa, kusa, har ana ganin jijiyar idonta. Iya da na sani mai tsokana ce, ita take ce wa Baba saurayinta. A nan ba a bar mata dariya ko ɗaya ba. Sai wurin da muryarta ta karye, an maimaita shi sau biyu.

Wata ta ce, "Wayyo, ni da in zama haka gara in mutu."

Rediyo ta ce, "Ke da ko ƙurji ya fito miki sai kin kwana uku a gida, rufe mana baki." Sai ta zungure ni. "Kurma, ba ki ce komai ba."

Kurma take ce mini tun aji ɗaya na sakandare. Na ce ina da aikin gida.

Mutum dubu tamanin sun kalla kafin a tashi. Ƙafata tana ƙarƙashin benci, taku ɗaya daga ta Rediyo.

Alhamis, biyar da kwata

Anti Kyamara ta tare ni a barandar Cibiya. Ta saya mini lemo. Ba zan yi mata ƙarya ba ko a takarda, tana da kirki, kuma idanunta sun faɗa don rashin barci a kan aikinmu.

Ta ce masu kallo sun yi yawa, masu bayarwa kaɗan. Mutane suna rubuta Allah sarki, su sa hoton fuska mai hawaye, su wuce. Ta ce tsohuwa tana ba da tausayi, amma yarinya 'yar makaranta mai ƙoƙari ita take buɗe aljihu.

"Ƙanwata, ke ce za ki ceci wurin nan. Minti ɗaya kawai. Ki gaya mini, ranar da abin ya faru, ina kike?"

Na ce a gida.

"A gida? To me ya faru a gida?"

Na juya kwalbar lemon a hannuna.

"Wa yake tare da ke?"

Na ce ban tuna ba, ina ƙarama.

Na tuna. Na tuna har kalar ƙwallon da na bi. Na tuna ƙofar waje a buɗe, da ƙarar mota, da Abba da ya ɗauke ni, da yadda yake kiran sunana kamar ni ce na yi nisa alhali ina hannunsa.

Ta ce in tambayi Umma, labarin shi ne komai. Ta ce idan babu labari, ƙafa roba ce kawai. Na ce zan yi tunani. Lemon ban sha ba, na kawo wa Umma.

Juma'a, shida na yamma

Abba ya dawo da sabuwar safa guda uku, masu laushi, ya ajiye a kan keken Umma bai ce ta wa ce ba. Ashe ya lura ɗingishin ya ƙaru.

Idan na faɗa, a shagonsu za a kalla. Masu sayen kaya za su kalla. Dubu tamanin za su rubuta abin da suka ga dama a ƙasa, kuma ya iya karatu.

Idan ban faɗa ba, ƙarshen watan gobe.

Lahadi, bayan azahar

Mun je kasuwa da Umma sayen zare, muka biya ta rumfar Iya. 'Yarta ce a wurin. Ta ce Iya kwana huɗu ba ta fito ba. Masu ciniki suna zuwa ba don tumatir ba, sai su ce ta ɗaga zani su gani. Wasu yara sun haddace wurin kukan, suna yi mata idan ta wuce. Wata mata kuma ta ajiye mata kuɗi a faranti ta tafi ba ta ɗauki komai ba, Iya ta bi ta da su har bakin titi.

'Yar ta ce, "Shekara talatin tana kasuwar nan da sunanta. Yanzu Mai Kuka ake ce mata."

A hanya Umma ta riƙe hannuna kamar ina ƙarama.

Litinin

Fata ta saɓule a gefen dungun. Na wanke, na sa magani, na je makaranta. Na ci tara cikin goma a gwajin kimiyya.

Laraba, huɗu da rabi

Baba ya ga ciwon ya ɓata rai. Ya ce idan bai warke ba cikin mako biyu sai in ajiye Baƙuwa in koma sanduna. Sanduna a makaranta. Siket ba ya ɓoye sanduna.

Ya aike ni ɗakin ajiya in ɗauko masa auduga. Ban taɓa shiga can ciki ba. Bayan buhunan da babu komai a cikinsu akwai kanta mai hawa huɗu, bango guda, cike da ƙafafu. Ƙanana ne kusan duka. Kowace da takalminta.

Na tsaya har ya biyo ni.

Ya ce ba ya zubar da ƙafar yaro. Manya sukan shekara biyar da guda ɗaya, amma yaro kafin ka juya ya fi ta. Yana ajiyewa don wani ƙarfe ko dunduniya ta yi wa wani amfani. Takalmin kuma, ya ce kowace ƙafa da tsayin dunduniyar takalminta ake saita ta, shi ya sa yake barinsu tare, tunda shi ma takalmin ya riga ya yi wa mai shi kaɗan.

"Ga naki can, hawa na biyu. Ke kin fi kowa cin kaya."

Biyar ne, a jere kamar 'yan gida ɗaya. Ta farko ba ta kai tsawon hannuna daga gwiwar hannu ba, tana sanye da ɗan jan takalmi mai maɓalli. A tafin kowace ya rubuta wata da shekara da alƙalamin da ba ya goguwa. Na ɗauki ƙaramar. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Ban ji kuka ba. Dariya ma ta kusa kama ni, wai ni ce na taɓa zama 'yar wannan.

Na ce, "Baba, mutane sun san yaro yana fin ƙafarsa?"

Ya ce, "Ina za su sani? Su a ganinsu sau ɗaya ake yi, a tafa, a ɗauki hoto, shi ke nan."

Duk hanyar gida ina ta juya maganar. Babu uwar da ba ta san takaicin takalmin da aka saya bara ya ƙi shiga bana ba.

Alhamis, lokacin hutu

Na rubuta abin da zan faɗa a bayan littafin tarihi. Na soke, na sake, sau shida. Rediyo tana leƙe, na rufe da hannu. Ta ce, "Kurma ta yi saurayi, jama'a!"

Asabar, biyu na rana

Ban san ina da wannan bakin ba.

Na samu Anti Kyamara da Hajiya a ofis. Na ce zan yi, amma da sharaɗi uku. Na rubuta su a tafin hannu don kada in manta. Ba fuskata. Ba kiɗa. Ba labarin ranar.

Anti ta ce, "To me ya rage, ƙanwata?"

Na kai su ɗakin ajiya.

Ta daɗe tana kallon kantar. Ta ce abin yana da kyau, amma ba zai yi gudu kamar na Iya ba, ita ta san aikinta. Na ce na Iya ya yi gudu, ina ya kai mu? Da na faɗa sai na ji kunya ta rufe ni, na ce ta yi haƙuri. Ta ce, "A'a, ƙarasa."

Na ce kada mu roƙi abu mai yawa sau ɗaya. Wanda ya bayar don ya yi kuka, gobe wani zai sa shi kuka a wani wuri. Mu roƙi kaɗan, kamar abin da mutum yake sa wa waya kati, amma duk wata, tunda mu ma duk wata muke girma. Kuma duk wata a nuna musu ƙafar da aka yi da hannun Baba, ko ba fuskar kowa.

Hajiya ta ce, "Wa ya koya miki wannan?"

Na ce kantar.

Baba ya shimfiɗa farin ƙyalle a teburin aikinsa, ya jera su biyar. Hannunsa kawai ake gani yana ɗaga kowace, yana juya tafin a ga shekarar. Ni ina bayan waya ina karantawa. Sau goma sha ɗaya muka yi, muryata tana rawa kamar ta akuya. Anti ta ce in bar takardar in yi wa ƙaramar ƙafar magana. A na sha biyu ya yi.

Na ce wannan ina shekara biyar, da ita na shiga aji ɗaya. Wannan da ita na koyi hawa bene. Wannan na karya ta garin tsalle, Baba ya yi mini faɗa. A ƙarshe na ce, "Ta shida tana jikina, ta yi mini kaɗan da yatsa biyu. Kada ku tambaye ni yadda aka yi. Ku tambaye ni nawa na ƙara tsawo."

Da muka gama Anti ta ce za ta sauke na Iya daga shafin. Ta ce ba zai goge daga wayoyin mutane ba, amma za ta je har gida ta faɗa mata da bakinta.

Lahadi, biyar na yamma

An saka. Na ce kada a gaya mini adadin masu kallo. Bayan awa ɗaya na aro wayar Umma na duba. Ɗari uku da sha biyu.

Talata, uku da rabi

Mun yi kuskure, ni da Baba, kuma babu wanda ya gani a cikinmu don mun saba.

Takalmin.

Ƙafa ta biyar tana sanye da takalmin makarantata na bara. Maɗaurinsa ya taɓa tsinkewa a aji, na ɗinke shi da koren zare don shi kaɗai na samu a ajin ɗinki. Zango guda Rediyo tana ce mini mai takalmin ganye.

Yau ba ta yi magana ba tun safe. Har malamin lissafi ya tambaya ko an ɗauke wuta ne. Da aka fita hutu ta riƙe hannun rigata har aji ya watse. Ta buɗe littafin lissafi, ta tsayar da bidiyon daidai kan koren zaren, ta tura mini a kan benci.

"Na ji muryar na ce kama ce. Sai na ga aikin hannunki. Duk duniya babu mai mugun ɗinki irin wannan."

Na ce, "Wa kika gaya wa?"

"Shekara huɗu muna benci ɗaya. Shekara huɗu! Na taka miki ƙafa ya fi sau ɗari, ina cewa yarinyar nan akwai haƙuri."

Ban san lokacin da dariya ta ƙwace mini ba. Ita kuma sai ta fara hawaye, tana dukan kafaɗata, tana cewa muguwa. Ta ce ba ta gaya wa kowa ba, tun jiya take riƙe da shi, cikinta har ciwo yake. Ta ce in na ce ta yi shiru za ta yi, ko zai kashe ta.

Na kalli allon wayar. Ɗari tara da wani abu. Kwana goma sha tara suka rage wa'adin mai gida ya cika.

Na ce, "Yayarki tana da mutane da yawa a waya?"

"Kamar ƙasa."

"To kunna, Rediyo. Ƙure murya."

Laraba

Kowa ya sani. An kalle ni a layin taro, an kalli siket ɗina. Wadda ta ce gara ta mutu ta kawo mini biro ba dalili. Ban mutu ba.

Asabar, sha ɗaya na safe

Bai yi gudu kamar na Iya ba, Anti ta yi gaskiya. Ko kwatansa bai kai ba. Amma ta ce abin da ba ta taɓa gani ba shi ne masu rubutu a ƙasa suna ba da labarin takalman 'ya'yansu. Wani ya ce ɗansa ya fi uku a shekara ɗaya, ya sa hannu zai riƙa bayarwa duk wata. Malamanmu sun shiga. Telolin layin su Umma sun shiga. Iya ta aiko 'yarta, ta ce a rubuta ta cikin masu bayarwa, da sunanta na gaskiya.

Akwai masu tambaya har yanzu, me ya same ta, hatsari ne ko ciwo. Anti tana amsa musu da kanta: yatsa biyu ta ƙara.

Hajiya ta ce mai gida ya yarda da wata uku. Bayan nan sai abin da ya ci gaba da shigowa. Ba a tsira ba, an dai samu numfashi. Ta yi odar kayan aiki na yara shida. Ciwona ya fara bushewa. Awo ranar Alhamis.

Wata mai zuwa sai an sake yin wani bidiyon, da na bayansa. Na fara rubuta na ƙafar wani yaro mai takalmin ƙwallo, idan uwarsa ta yarda.

Litinin, shida da rabi na yamma

Abba ya dawo da wuri. Ya zauna a bakin gado bai cire hula ba. Mai shagonsu ne ya nuna masa a waya, wai ka ga wata yarinya mai hankali, bai san 'yar wa ba ce.

Ya daɗe yana murza yatsunsa. Umma ta tsayar da keke a tsakiyar layi, abin da ba ta taɓa yi ba.

Ya ce, "Jan takalmin nan ni na saya."

Na ce na sani, Abba.

"Mai maɓalli. Sai da na zaga shago huɗu."

Sai ya ce, ba ni yake kallo ba, bango yake kallo, "Sun tambaye ki, ko?"

Na ce sun tambaya.

"Me kika ce?"

Na ce abin da ya ji na faɗa, shi ke nan abin da nake da shi.

Ya tashi ya fita. Na ji bai tsaya a ƙofa ba, ya wuce.

Talata

Bai ce komai ba. Ni ma.

Alhamis, shida na yamma

Na fito daga makaranta na same shi a bakin get da rigar shago. Ya ce yau kasuwa babu ciniki. Muka tafi Cibiya a ƙafa, yana rage sauri ba tare da ya nuna yana ragewa ba.

Baba bai taɓa ganinsa ba, amma bai tambayi ko wane ne ba. Ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "Madalla, yau na samu ɗan aiki. Malam, wanke hannu."

Na zauna a kan doguwar kujera. Na cire Baƙuwa. Na cire safar. Ina jin Abba a tsaye a bayana, ina jin numfashinsa.

Baba ya jiƙa bandejin filasta a roba ya ce, "Zagayo nan. Riƙe mini gwiwar, kada ta motsa. In ta motsa kwana tarana ya lalace, kai zan kama."

Ya zagayo. Ya durƙusa. Hannunsa yana rawa har ina ji a ƙashina. Baba yana naɗawa yana surutu, wai 'yarka ta cinye mini kanta guda, wai da ganin tsawonka na san inda ta samo wannan ɗabi'a. Farin ruwan yana gangarowa kan yatsun Abba, ya shiga hannun rigarsa. Filastar ta fara ɗumi kamar yadda take yi kafin ta kama. A hankali rawar ta tsaya.

Ya kalla. Ya daɗe yana kallo. Sai ya ce, "Baba, nan gefen da ya yi ja, a sassauta mata shi."

Baba ya ce, "Ka ji ɗan aiki da iyayi, yau ya zo."

Yanzu muna gida. Umma tana ta faɗan rigar da ya ɓata, ya ce a bar ta haka. Na zauna a tabarma na cire Baƙuwa, kwana tara ya rage mata. Ƙofar waje a buɗe take, iska tana ta buga ta da bango. Umma ta ɗaga kai ta dube shi.

Ya ce, "Miƙo safar nan in gani, ko ta yi kauri."